Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Ɗanzomo, ko a wani gari na ƙasar Gumel, ya san yadda gaisuwar ke tafiya. A yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a moɗa. "Sannu Goggo, ya mai jiki?" Ta amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A leƙa ɗaki a ga wanda ke kwance, a yi masa addu'ar Allah ya sa kaffara ne, a miƙa ɗan abin da aka riƙo, a tashi. Ita kuwa da ta amsa gaisuwar, rabonta da barcin kirki an kwana biyu. Ita ta wanke shimfiɗa tun asuba, ta dama kunu, ta ɗaga shi ta jingine, ta ba shi a baki, ta kwashe abin da ya fita daga jikinsa ba tare da ta yamutsa fuska ba. Kowa ya tambayi mai jiki, amma ba wanda ya tambayi nata jikin.

Harshenmu ya riga mu gano wannan matsala. In aka ce wane yana jinya, shi ne a kwance. In aka ce wance tana jinyar mahaifinta, ita ce a tsaye. Kalma ɗaya ta haɗa na kwance da na tsaye, kamar dai magabata sun lura cewa ciwo in ya daɗe a ɗaki, mutum biyu yake ci. Wannan sharhi a kan na biyun yake: wanda ba a rubuta masa magani, ba a zuwa dubiyarsa, amma in ya faɗi jinyar gaba ɗaya ta faɗi.

Su wa ke ɗauke da nauyin?

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda Ɗanzomo take. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, kuma zagayen damina da rani ne ke juya rayuwarta. Shi wannan zagayen ne ke zaɓar wanda zai zauna da mara lafiya. Da damina maza na gona, domin shuka da noma ba sa jiran kowa. Da an kai amfani rumbu kuma, majiya ƙarfi da yawa sun ɗaura ƙunshi sun tafi cin rani. Wadda ake samu a gida damina da rani ita ce mace.

Ko a cikin matan ma, nauyin ba kan kowa yake sauka ba. Yakan faɗa kan uwargida, wadda ita ma shekaru sun ja. Ko matar ɗa, wadda kunyar surukai ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba. Ko bazawarar da ta dawo gida, da ake ganin ai ba ta da wani abin yi. Ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka tsayar daga makaranta da sunan sai jiki ya yi sauƙi, sauƙin kuma ya ƙi zuwa har karatun ya wuce ta. Akwai maza da ke jinya da zuciya ɗaya, musamman a ɗakin maza na asibiti inda 'ya'ya da ƙanne ke kwana, kuma duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su. Amma rinjaye na mata ne, a nan da sauran duniya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa a kullum ana kashe awa biliyan 16.4 a aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biyan ko kwabo, kuma mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin.

Ciwo ya sauya, al'ada ba ta sauya ba

Cututtukan da suka fi tayar wa magabata hankali, irin su sanƙarau da kyanda da amai da gudawa, masu gaggawa ne. Cikin kwanaki ake sanin inda aka dosa, ko a tashi ko a koma ga Allah. Al'adarmu ta dubiya da kai kwano da kwanan dangi a kan irin wannan ciwon aka gina ta, kuma ta yi aiki. Har gobe waɗannan cututtukan suna nan, sai dai an samu ƙari. Hawan jini na jawo shanyewar ɓarin jiki, mutum ya shekara biyar sai an kwantar an tayar. Wanda ƙodarsa ta gaza na bukatar wanki sau biyu ko uku a mako. Ciwon suga na iya kai wa ga yanke ƙafa. A Najeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, kuma uwar mai sikila ba ta da ranar ajiye jinya. Ga farfaɗiya, ga taɓin hankali, ga gigin tsufa, inda dattijo zai kalli 'yar da ya haifa ya tambaye ta ko ita wace ce.

A makon farko gida cike yake da jama'a. A wata na farko ana leƙowa ranar Juma'a. Kafin wata na shida ƙafa ta ɗauke, an koma gaisuwa ta waya, an bar mutum ɗaya da ɗakin. Ba rashin imani ne ya kawo haka ba. Tsarin da aka yi domin ciwon kwana bakwai ne aka ɗora wa ciwon shekara bakwai, ya gaza ɗauka.

In kuwa aka kwanta a asibiti, aikin mai jinya ƙaruwa yake yi. A asibitocinmu ma'aikata ba su wadata ba, don haka shi ne ƙafa shi ne hannu: sayo magani, kai jini gwaji, neman wanda zai ba da jini, wanki, girki, zubar da fo. Da dare ya shimfiɗa tabarma a baranda, sauro ya yi ta cizo. Daga Babban Asibitin Gumel ana iya tura mutum Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar sama da kilomita 100. Can mai jinya baƙo ne, ba dangi kusa, ba mai karɓarsa ko na awa ɗaya.

Abin da jinya ke ci

Farkon abin da take ci barci ne. Wanda ba ya iya motsa kansa ana so a juya shi kusan duk bayan awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da baya da dunduniya. In mutum ɗaya ne ke yin wannan dare da rana, to bai taɓa samun barci mai nauyi ba ke nan. Rashin barci na tayar da hawan jini, yana kawo mantuwa da saurin fushi, kuma mai mantuwa shi ne zai ba da maganin safe sau biyu ko ya tsallake na dare.

Sai baya da gwiwa. Ɗaga babban mutum daga tabarma a sunkuye, sau da yawa a yini, yana lalata ƙugu. Sai ciki: mai jinya kan ci ragowar kunun mara lafiya a tsaye ta ce ta ƙoshi, ga zafin bazara a wannan yanki da ke haura digiri 40. Sai haɗarin ɗaukar cuta, in tarin fuka ne ko amai da gudawa.

Sai aljihu. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga hannun jama'a yake fita kai tsaye, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na magani suka ƙara tashi. Kowa a ƙasar Gumel ya san yadda ake bi: a fara da kaji, a kai ga akuya, ranar Alhamis a kora rago ko sa kasuwar Maigatari, daga ƙarshe a jinginar da gona. Sau da yawa akuyar farko da ake sayarwa ta mai jinyar ce, jarin ƙuli-ƙuli ko na ɗinkin hularta kuma ya riga ya narke a kantin magani.

Mafi ɓoyuwa shi ne abin da take ci a zuciya. Biki da suna sun wuce ta, Islamiyya ta daina zuwa, ƙawaye sun saba da rashinta. Wata rana gajiya za ta sa ta ɗaga wa mahaifiyarta murya, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka tana ganin ta zama 'yar banza. Wani dare za ta ji a ranta da ma abin ya zo ƙarshe kowa ya huta, ta firgita da kanta ta yi ta istigfari, ba kuma wanda za ta iya gaya wa. Likitoci sun san wannan hali sarai, kuma suna ɗaukarsa alamar gajiyar da ta wuce kima. A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, Richard Schulz da Scott Beach, sun wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin da ke jinyar mazansu ko matansu. Waɗanda suka ce jinyar na gallabarsu, haɗarin mutuwarsu cikin shekara huɗu ya ɗara na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Mu ma mun sha gani ba tare da alƙaluma ba: a yi ta jinyar maigida shekara da shekaru, sai a wayi gari uwargida ce ta riga shi.

Me ya sa ake shiru?

Abu uku ne ke rufe bakin mai jinya: kunya, tsoron bakin mutane, da gurguwar fahimtar haƙuri. Tana tsoron a ce ta gaji da iyayenta, ko a ce matar wane ba ta son uwar mijinta. Ta kuma taso tana jin cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, sai ta ɗauka neman taimako zubar da lada ne.

Addinin da take neman ladansa bai ɗora mata haka ba. Lokacin yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan Hijira, Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai fita ba, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar shi ya yi jinyar Ruƙayya, matar shi Usmanun, aka kuma ba shi ladan wanda ya halarci yaƙin da rabonsa na ganima. Darasi biyu ke nan: jinya aiki ne mai darajar da aka auna shi da Badar, kuma namiji ne, babba a cikin sahabbai, ya yi ta. Haka nan labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i sananne ne. Salmanu ya tarar Abud Darda'i na azumi kullum yana kwana tsaye, ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji, kansa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. In har an hana mutum halaka jikinsa da nafila, ba za a ce ya halaka shi da jinya ba alhali ga dangi zaune. Biyayyar iyaye kuwa a kan kowane ɗa take, mace da namiji, na gida da na birni. Ba a sauke ta da cewa ai wance na nan.

Abin da mai jinya za ta yi wa kanta

Mutanen ƙasar da rijiyarta ke da zurfi sun san gaskiyar karin maganar nan: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kula da kai a nan ba shagali ba ne, tanadin ƙarfin da za a ja guga ne.

Ta ci abinci a zaune, nata na kanta, kafin ko bayan na mara lafiya, ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Ta nemi barcin awa huɗu ko biyar a jere wanda ba mai tashinta, ko da da rana ne, domin gyangyaɗi goma bai kai barci ɗaya ba. Wajen ɗagawa ta durƙusa da gwiwa, ta matso da shi jikinta, bayanta a miƙe; in mai nauyi ne a sa zane a ƙarƙashinsa mutum biyu su ja. Ta wanke hannu da sabulu bayan kowace hidima, ta sa safar hannu in da hali, a buɗe taga in tari ne, ita ma ta kwana cikin gidan sauro. Duk ranar da aka kai mara lafiya asibiti, ta miƙa hannunta a auna mata jini. In tana shan maganin hawan jini ko na suga, kada ta sadaukar da kuɗinsa.

Ta yi hattara da ƙwayoyin kashe gajiya na masu talla. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 saboda ɓarnar da ya yi, musamman a Arewa, kuma da yawa daga waɗanda suka faɗa wa irin waɗannan abubuwa da neman barci ko neman ƙarfi suka fara.

Ta riƙe ƙofa ɗaya a buɗe zuwa duniyar waje: karatun Islamiyya ko sau ɗaya a mako, hira da maƙwabciya, sauraron rediyo, 'yar sana'ar hannu. Ta samu mutum ɗaya amintacce da za ta gaya wa gaskiya ba "da sauƙi" ba. In kuma ta ga kuka ya zame mata jiki, abinci ya fita ranta, barci ya ƙi zuwa ko an ba ta dama, hannunta ya fara kai wa mara lafiya duka, ko tana jin gara ta mutu, to lokacin ganin likita ya yi. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, ana fara bayaninsa tun daga asibitin kusa, akwai kuma asibitin ƙwararru a Kazaure da Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya: ta buɗe baki ta faɗi abin da take so dalla-dalla. "Yaya, ina so ka kwana da Baba daren Talata da na Asabar." Wannan ya fi "a taimaka" amfani, domin ya kama suna ya kama rana.

Abin da ke kan dangi da unguwa

Duk shawarwarin nan iska ne in ba mai karɓarta. Ba a ce wa mutum ya yi barci alhali ba wanda zai zauna a bakin gadon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba sai mun aro dabara daga wata ƙasa ba. Mutanen da suka san gayya a gona da adashi a tsakar gida sun riga sun san yadda ake raba nauyi.

Da an tabbatar ciwo mai daɗewa ne, babban gida ya tara 'ya'ya da ƙanne a zauna a yi magana a fili: wa ke da wane dare, wa ke da kuɗin magani, wa ke kai wa asibiti, wa zai noma gonar mai jinya. A yi karɓa-karɓa, a rubuta, a waiwaye shi duk wata. Wanda ke Kano ko Legas kada ya ɗauka aiken kuɗi ya sauke masa komai. Ya zo ya yi mako guda, ita kuma ta je gidan 'yar'uwarta ta yi barci. Cikin abin da ake aikowa a ware na mai jinya da sunanta, a mayar mata da jarinta. Matar ɗa in ta yi jinyar surukai alheri ta yi, a gode mata a bainar jama'a, mijinta kuma ya san cewa nauyin nasa ne. Yarinya kuwa a bar ta ta yi karatunta.

Dubiya ma tana son gyara. Mai zuwa ya taƙaita zama, kada ya zama baƙon da za a yi wa girki. Ya riƙo itace, sabulu, jarkar ruwa ko dafaffen abinci. Mafi tsadar kyauta ita ce a ce, "Inna, je ki kwanta, ina nan har la'asar." Limamai a huɗuba, masu unguwanni da dagatai, ƙungiyoyin mata da 'yan agaji, kwamitocin zakka, duk suna iya sanin gidajen da aka daɗe ana jinya a unguwarsu su sa su cikin lissafi.

Abin da ke kan hukuma

Duniya ta fara waiwayar masu jinya. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba ta zama ranar kulawa da tallafi. A Birtaniya akwai alawus na mako-mako ga wanda ke kula da wani na aƙalla awa 35 a mako. Japan ta kafa inshorar kula da tsofaffi tun 2000. Ba lallai mu kwaikwaye su ƙafa da ƙafa ba, amma muna da tubalin ginawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Jigawa kanta ta taɓa nuna hanya a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, da ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata.

Abin da ya rage shi ne a ga mai jinya a cikin waɗannan tsare-tsare. Kafin a sallami mai shanyewar ɓarin jiki, a zaunar da danginsa a koya musu juyawa da ɗagawa da ciyarwa da Hausa. A tanadi rumfa da ruwa da makewayi domin masu jinya a manyan asibitoci. Ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa leƙa gidajen da ke da na kwance, su auna jinin mutum biyu maimakon ɗaya. A sa irin waɗannan gidaje a sahun gaba wajen rajistar inshora. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya kai tsadar gadon asibitin da za a bai wa mai jinya ranar da ta faɗi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowa tun daga yau. In ka je dubiya ka gama tambayar mai jiki, ka juyo ka dubi wadda ta shimfiɗa maka tabarma ka ce, "Goggo, ke fa, ya naki jikin? Yaushe rabonki da barci?" Za ta ce lafiya lau, domin haka aka tarbiyyantar da ita. Kada ka tashi. Ka karɓi kofin kunun daga hannunta, ka ce ta shiga ɗaki ta kwanta.